Zaren da Kaka Ta Ɗaura Mini a Ƙafa

Zoben na fara lura da shi. Kwana biyar bayan suna, ina zaune a bakin gado a ɗakin Kaka a Bakura, na ɗaga hannu zan gyara ɗankwali, sai na ga zoben azurfar da maigidana ya saya mini ya nutse cikin yatsa, nama ya taso masa ta ko'ina. Na murza shi ya ƙi motsi. Zoben nan da can yawo yake yi a yatsan, sau biyu yana sulluɓe mini cikin ruwan wanke-wanke. Wani daɗi ya kama ni. Na jawo madubi na duba kumatuna, na ga sun ciko, na ce alhamdulillahi, ashe ni ma zan yi jiki.

Siririya ce ni tun tasowata, kuma na tashi da karatun littattafan soyayya da muke karɓowa haya a kasuwa, mu karanta mu ba ƙawaye har bango ya cire. A cikinsu duk yarinyar da ta haihu sai ta yi fari ta yi ɓulɓul, mijinta ya shigo ya kasa ɗauke ido. Ni ma abin da nake jira ke nan. Maigidana malamin firamare ne a Maradun, can aka kai ni aure, amma da yake haihuwar fari ce sai aka dawo da ni gida tun cikin yana wata bakwai. Na riga na tsara a raina yadda zan koma ranar arba'in: atamfa sabuwa, lalle har gwiwar hannu, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa abin faɗi.

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, ko sunana ba ta faɗa, don haka jegona ya koma hannun Kaka, wadda ta haifi babana. Kaka kuwa ba ta wasa da wanka. Safe da yamma za a ɗora babbar tukunya a bayan ɗaki, ruwa ya tafasa har ya yi tsalle, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa mini a jiki. In na yi ƙara ta ce, "Yi ta kuka, raguwa. Ran da sanyi ya shige ki, kin yi wanda ya hi wanga." Daga wanka sai kunun kanwa, kwano guda, mai kauri, an zuba masa yaji. Da rana ga ƙaurin ƙafar saniya. In ta ɗauki jaririn kuwa sai murya ta canza, ta riƙa ce masa angonta, wai ta gaji da zaman gwauranci, Allah ya kawo mata miji sabo fil.

Matan unguwa da ke shigowa barka duk bakinsu ɗaya: "Kai, jego ya karɓe ki! Dubi ƙafa, dubi wuya. Tsohuwa, hannunki na da kyau." Kaka ta yi ta washe baki, ni ma haka. Takalmina ya daina shiga, na ce ƙiba ce. Na fara haki in na taka daga ɗaki zuwa bayi, na ce nauyin jiki ne ban saba ba. In na kwanta rigingine numfashi ya riƙa yi mini wuya sai na tashi zaune, ga wani busasshen tari. Ƙirjina kuma ya riƙa bugawa fat-fat ba dalili. Wannan kam ban ko yi shakka ba, don na sha karantawa: begen maigida ne. Har wasiƙa na rubuta masa a kan haka, Allah ya taimake ni ban samu mai kai ta ba.

Ranar da na cika kwana ashirin da uku, da hantsi, ina tsugune gaban tukunya Kaka na fyaɗa ganye, sai na ji iska ta ƙare a duniya. Na buɗe baki ina ja, ba abin da ke shiga. Abin da na iya tunawa bayan nan shi ne ina jingine a jikin Kaka a bayan wata mota, ɗan jaririn yana cinyarta, gonakin shinkafa suna wucewa kore shar ta taga, babana a gaba yana ta salati yana ce wa direba ya ƙara wuta. Damina ce, hanyar Talata Mafara duk ruwa ya kwanta a gefe.

A littattafan da na sani, in aka kai yarinya asibiti, likita ne ke fitowa da gudu, dogo, kyakkyawa, mai ƙamshin turare. Nas kuwa aikinta ɗaya ne, ta leƙo ta ce a ba su wuri, daga nan ba a sake jin labarinta. Likitan da na samu dattijo ne mai sanƙo, da gani ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Ya saurari ƙirjina, ya danna ƙafata, ya ce zuciyata ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a jikina har ya kai huhu. Ya yi rubutu ya wuce gado na gaba, don mutane na jiransa. Waɗanda suka zauna da ni su ne nas-nas.

Biyu ne na fi sabawa da su. Akwai babbar, wadda kowa ke kira Sista, mace mai jiki, baƙa, tana ɗan ɗingishi in ta gaji, da farin hijabi iya kafaɗa. Akwai kuma ƙaramar, wadda ba ta fi ni da shekara biyu ba, kullum tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Sista ce ta tara mini matasan kai uku a baya ta ce kada in sake in kwanta rigingine a kan gado sai ta ba da izini, ta sa mini robar iska a hanci, ta yi mini allurar da ke sa fitsari. Ƙaramar ta zo da sabulu ta zauna ta yi ta lallaɓa zoben nan har ya fita, ta ba Kaka ta ƙulle a bakin zane. Ita ce kuma ke ɗaukar robar fitsarina ta ɗaga ta duba layi ta rubuta, sau nawa a yini, ban taɓa ganin ta yatsina fuska ba. Ni ce ma ke jin kunya, ita kuwa sai ta ce, "Ke dai ƙara himma, yau ba ki yi mana ƙoƙari ba."

Tun ranar farko Sista ta tsaya a kan Kaka ta yi mata bayani dalla-dalla: babu gishiri, babu kanwa, babu wankan ruwan zafi. Kaka ta ce, "To, ɗiyata. To. An gama." Ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadona ta ajiye angonta a kai.

Gishiri kam ta daina. Akwai ƙanwar babana da ke aure a nan Mafara, bayan kasuwa, can Kaka ke tafiya bayan azahar ta yi mini tuwo da miya lami, ta dawo da la'asar. Wanka ma dole ta haƙura, don babu inda za ta ɗora tukunya. Amma a ƙasan kwandon, ƙarƙashin tsummokin jariri, akwai fulas. Lokacin dawowarta Sista ta tashi daga aiki, masu aikin yamma kuma suna can suna karɓar sababbin marasa lafiya. Sai Kaka ta juya wa ɗaki baya, ta baza mayafi, ta tsiyaya mini a kofi.

"Sha maza. Su 'yan boko mi sunka sani ga jego? Mai jego ba kanwa, nono ƙahewa shikai. In ya ƙahe mi angona za shi sha, allura?"

Ba zan ɗora wa Kaka laifin ita kaɗai ba. Na ji abin da Sista ta ce da kunnena. Amma maganar nonon nan ta shige ni, don na san in ya ƙafe za a mayar da yaron Bakura wurin matar kawuna da ke goyo, ni a bar ni a nan. Sai in rufe ido in shanye kofi biyu.

Abin da ban iya gaya wa kowa ba shi ne yadda nake son yaron nan. Ɗan fari ne, a wurinmu kuwa uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an miƙo mata shi ta ba shi nono sai ta kau da kai kamar an ba ta ajiyar wani. Ɗakin kuma gado goma sha biyu ne, kowane da mai jinya, ido ko'ina. Na yi ta kau da kai kamar yadda aka koya mini, ina satar kallonsa ta wutsiyar ido.

Ban san yadda Sista ta gane ba. A rana ta biyu, Kaka na fita zuwa girki, sai ga ta ta turo labulen nan mai ƙafafun taya, ta kewaye gadona da shi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Zan duba ta, kada wanda ya leƙo." Ta sunkuya ta ɗauko yaron daga tabarma ta ɗora mini a ƙirji, ta ce a hankali, "Ga shi nan. Ki kalle shi ki ƙoshi, ba mai ganinki. Ni ina da allurai a can ƙarshen ɗaki." Ta fita ta ja labule. Ranar na fara ƙirga yatsunsa. Ranar na ga ashe kunnensa na hagu yana da ɗan lanƙwasa irin na babansa. Na kira sunansa a bakina, sau uku, na yi kuka na yi dariya. Daga ranar kullum sai an duba ni bayan azahar, har wata tsohuwa mai jinyar gado na kusa ta ce, "Wannan yarinya ciwonta ya yi tsanani, kullum cikin labule."

Ciwon kuwa bai sauka ba. Kowace safiya ƙaramar nas za ta riƙe ni in hau sikeli, ta duba, ta rubuta, waƙarta ta tsaya. Allura na aiki, fitsari na fita, amma nauyina yana nan inda yake, ƙafafu kamar turmi. A rana ta huɗu likita ya daɗe yana kallon katina. Ya ce wa babana in abin bai sauya ba nan da jibi, zai rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato, kuma ɗakin da za a sa ni a can ba a shiga da jariri, gara a fara shirin wanda zai riƙe shi. Babana ya ce to. Kaka ta ce to. Ni ma na ce to, na juya fuska bango. Da yamma Kaka ta cika mini kofi har baki, wai in samu ƙarfin tafiya.

Washegari ruwa ne ya cece ni. Tun azahar hadari ya haɗu ta gabas, Kaka ta dawo da kwandonta ana fara yayyafi, tana shigowa aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Sista ta riga ta miƙa aiki, ta rataya jaka, amma babu halin fita, ko mai babur ɗaya babu a bakin ƙofa. Sai ta dawo ciki tana zagayawa gado-gado tana taɓa hira. Mu ba mu gan ta ba, don Kaka ta ba ɗaki baya, ta tsiyaya ke nan. Muryarta kawai muka ji a kanmu.

"Inna, sannu da ruwa."

Kaka ta yi wuf ta jefa gefen mayafi a kan kofin. "Yawwa ɗiyata, sannu. Ruwa sun yi gyara."

Na jira faɗa. Na san yadda ake yi, na ji ana yi wa wasu a wasu wurare: a tara wa tsohuwa jama'a, a ce za ta kashe jikarta da jahilci. Da an yi haka, na san Kaka, naɗe tabarmarta za ta yi ta ce a sallame mu, kuma babana ba ya ƙetare maganarta.

Sista sai ta ajiye jaka, ta cire takalmi, ta zauna a tabarmar da fararen kayanta, tana cije baki saboda gwiwa. Ta gaida Kaka tun daga farko kamar yau suka fara haɗuwa: ya gajiya, ya mai jiki, ya mutanen Bakura, ya shuka, ya ango. Harshenta ma ya juya, ya koma irin na tsofaffinmu na gida, ashe mutuniyar Maradun ce. Sai da suka gama tas ta ce, "Inna, wanga ƙamshi ya tuna min uwata. Ba a sammini?"

"Wane ƙamshi? Ni ban ji komi ba."

"Wanda ka hayaƙi ƙarƙashin mayahinki."

Duk muka kalli wurin. Tururi na fitowa ta saƙar mayafin a hankali. Kaka ta janye mayafi ta miƙa mata kofin tana kallon gefe. Sista ta yi bismilla ta kurɓa, ta lumshe ido, ta sake kurɓa.

"Kai! Wanga hannu ya san gero. Kanwar ungurnu ce ko?"

"Ungurnu ce," in ji Kaka, murya ta ɗan saki. "Ni ba ni aiki da ta banza."

"Na ji a bakina. Mata nawa kinka yi ma wanka, Inna?"

"Wa ya ƙirga? Na gidanmu, na maƙwabta, har daga ƙauye a kan zo a ɗauke ni. Kuma duk sunka tashi garau."

"Duka?"

Ruwa na ta dukan kwano. Can Kaka ta ce, ba da ƙarfi ba, akwai ɗiyar ƙanwarta, shekarun baya, ita ma ta yi jiki haka ana ta yaba jego, ba ta kai arba'in ba. An ce iska ce.

Sista ta yi wa mamaciyar addu'a. Ta ce ita ma haihuwarta shida, ta sha kunun nan a uku na farko, zuciyarta ta ɗauka. Ba kowace zuciya ke ɗauka ba. Sannan ta ce, "Inna, in kin bar gishiri a buɗe da damina, mi shikai?"

"Jiƙewa. Ruwa shika ja."

"Kanwa fa?"

"Ita ma haka, in ba a ƙulle ta ba."

"To abin da takai cikin jikin yarinyar ga ke nan. Mu muna hidda ruwa da allura da sahe, kanwa na jawo shi da marece. Kawo babban yatsanki."

Ta kama yatsan Kaka ta danna shi a ƙaurina, ta riƙe, ta ɗaga. Rami ya zauna a wurin, zururu, ya ƙi cikowa. Kaka ta daɗe tana kallonsa. Ta danna nata ƙaurin, ba rami. Ta sake danna nawa.

"Ƙiba ba ta haka," ta faɗa wa kanta. Sai kuma ta ɗago da sauri. "To nono fa?"

"Nono na gero ne da gyaɗa da ruwa da tsotson yaro. Ki dama mata kunun gyaɗa da wanga hannu naki, kofi ɗaya da sahe ɗaya da marece, kada ki wuce haka. In nono ya ragu, ki tsai da ni tsakiyar ɗakin ga ki kira ni maƙaryaciya. Kina da zare?"

Kaka ba ta rabo da allura da baƙin zare a lalitarta. Sista ta sa ta zagaya idon sawuna da shi, daidai inda ya fi kumbura, ta ƙulla a inda bakin ya haɗu. Ta ce, "Ni sikeli nika dubawa, ke ba ki yarda da shi ba, kuma ba ki da laihi, ba ki san bakinshi ba. Wanga naki ne. Ke kinka auna, ke kinka ƙulla. Kullum da sahe ki mai da shi wurin ki gani. Kwana uku nika roƙo." Daga nan ta shanye sauran kunun, ta roƙi wanda ke cikin fulas ta juye a robarta, wai za ta kai wa 'ya'yanta su ji yadda ake damu. Ruwa ya tsagaita, ta sa takalmi ta tafi.

Da safe na ji ta da likita a bakin gadona. Ta ce, "Likita, mun gano inda ruwan ke shigowa, an toshe. A ƙara mana kwana uku." Ya ce, "Ta ina?" Ta ce, "Ta fulas." Ya cire tabarau ya kalli Kaka, Kaka ta duƙufa tana gyara wa angonta hula. Ya yi murmushi ya mayar da takardar Sakkwato cikin aljihu, ya ce uku fa, ba huɗu ba.

Safiyar farko zaren bai nuna wani abin kirki ba. Kaka ta ce, "Hm." Ta dai kawo kunun gyaɗa, kuma gaskiya ya fi na kanwa daɗi nesa ba kusa ba. Safiya ta biyu ta zagaya zaren, ƙulli ya wuce inda yake tsayawa, har ɗan yatsanta ya shiga tsakani. Ta ce ƙaramar nas ce ta ja mata zare da dare. Ƙaramar ta ce, "Inna, zaren da ke cikin lalitarki, lalitar na ƙugunki? Ai ko ɓarawon Mafara bai isa ba." Ranar na kwanta da matashi biyu maimakon uku. Ranar kuma ƙaramar ta zauna ta yi mini kitso guda huɗu bayan ta tashi aiki, don kaina ya cukurkuɗe, muna yi muna gardama a kan wani littafi da ta gani a ƙarƙashin matashina ta ara. Ita wai yarinyar cikin littafin ta yi wauta da ta ƙi mai kuɗin.

Da la'asar ɗin ranar maigidana ya iso daga Maradun a kan babur, wandonsa duk taɓo. Na sha tsara wannan zuwan a raina: zai durƙusa a gaban gado, ya riƙe hannuna, hawaye na zuba. Da ya shigo ya ga Kaka, sai ya tsuguna tun daga bakin ƙofa ya yi ta gaisuwa kansa a ƙasa. Ni kuwa ya ce mini, "Ya jiki?" yana kallon ƙafar gado. Amma na ga idanunsa sun yi ja lokacin da ya turo wata leda ƙarƙashin gadon. Kafin ya janye hannu Kaka ta cafke ledar ta shinshina.

"Mi ag ga wanga?"

"Ɗan balangu ne, Kaka, na ce ko za ta..."

"Da gishiri da yaji? Kai malamin makaranta ne ko mi? Ba ka san gishiri ruwa shika ja ba? So kakai ka kashe min jika?"

Ya yi ta ba da haƙuri. Ta zauna ta cinye balangun nan tas a gabansa, da 'yan haƙoranta, ta raba wa masu jinya saura, tana yi masa bayanin yadda zuciya ke gajiya. Na yi dariya har tari ya taso, Sista ta leƙo ta ce a rage mini nishaɗi.

Safiya ta uku yatsu biyu suka shige tsakanin zare da ƙafata. Ƙaramar nas ta duba sikeli ta ci gaba da waƙarta. Yaro ya sha nono har ya yi gyatsa ya tumbuɗo a kafaɗar Kaka. Ita kuwa ta miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin marasa lafiya ta rangaɗa guɗa, sai da mai gadi ya leƙo. Likita ya zo ya saurari ƙirjina gaba da baya, ya ce huhu ya washe, maganar Sakkwato a bar ta. Sista na tsaye a bayansa, ta ɗaga mini gira ɗaya.

Mun ƙara kwana tara kafin a sallame mu. A kwanakin nan Kaka ta zama abin tsoro a ɗakin. Duk mai jegon da aka kawo da kumburi, kafin nas ta gama rubuta kati Kaka ta isa wurin mai jinyarta, ta zauna, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta ce a sam mata abin da ke cikin fulas. Zarenta ya ƙare, ta aika aka sayo mata wani a kasuwar Talata. Sista ta ce da da hali da ta sa an ɗinka mata fararen kaya.

Ranar tafiya Sista ta zaunar da maigidana a benci ta yi masa magana ta kusan rabin awa, kan magungunan da zan yi watanni ina sha, da ranakun dawowa awo, da cewa zuciyar nan tana bukatar hutu mai tsawo kafin wani ciki. Ya saurara kamar ɗalibi, har da rubutawa. Ni kuwa na kwana biyu ina shirya jawabin godiya, kalmomi masu daɗi irin waɗanda na haddace a littattafai. Da na tsaya a gabanta duk suka gudu. Na ce, "Sista, na gode," sai hawaye. Ta ce, "Kai, ji min yarinya, yanzu muka gama fitar da ruwa." Ta shafa kan yaron ta ce Allah ya raya, ta juya, don an shigo da wata a kan keken marasa lafiya. Ƙaramar ta rako mu har bakin mota, ta ce littafina sai ta gama.

Na ƙarasa arba'in a Bakura da ruwa mai ɗumi, Kaka na gwada shi da gwiwar hannu tana mita. Na koma Maradun siririya kamar yadda na fito, har na fi da ramewa, da ɗana a bayana. Maigidana bai tsaya a bakin ƙofa ya rasa abin faɗi ba, yana can yana fama da akuyar da ta shiga ɗaki. Amma ya share tsakar gida, ya sayi sabuwar randa, kuma shekara guda cur shi ke ƙirga mini ƙwayoyin magani a tafin hannu.

Yaron yana aji biyu na sakandare na ji a wurin wata maƙwabciya cewa Sista ta yi ritaya ta dawo gida Maradun, unguwarsu ba ta da nisa da tamu. Na dafa kaza na tafi. Na same ta a gindin bishiyar mangwaro a tsakar gida, ta ƙara jiki, gwiwar ta matsa mata har sai da sanda, tumaki uku na cin harawa a gefenta. Na faɗi ko ni wace ce, na faɗi shekarar da na kwanta a asibiti da gadon da aka ba ni. Ta dube ni da kyau ta ce in yafe mata ba ta tuna ni ba, mata da yawa sun wuce ta hannunta, amma ta ji daɗi da na zo da ƙafata. Ta ci kazar sosai. Ta ce yanzu ba ta da aiki sai kiwo da Islamiyyar matan aure, ta shiga aji ɗaya da sa'o'inta tana gyara karatunta. Malamarsu wata yarinya ce da ita ta karɓi haihuwarta da hannunta, ta fito ko kuka ba ta yi sai da aka mammare ta. Yanzu ita ke ba su hadda, kuma ranar da Sista ba ta kawo ba, tsayar da ita take yi a gaban aji, da sandarta da komai. Ta ce gobe ma akwai hadda, ba ta iya ba, in na gama hutawa in riƙe mata littafi ta biya.